Keken Inna a Filin Ajiye Motoci

Zuwa ga Yayana,

Amincin Allah da rahamarsa su sauka a gidanka, su game kai da iyalinka baki ɗaya. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa da ta yi kewar yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya raya mana yaranka, ya sa albarka a aikinka, ya yaye maka ciwon kan nan da kake yawan kuka da shi. Mu a nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar Inna tana nan yadda ka bar ta, ba ta iya doguwar tafiya, amma bakinta garau yake, babu wanda ya tsira. Goggo ta zo ta yi mana sati biyu, ta gyara wa kowa zama, ta sauya wa tukwanena wuri, ta koma gidanta. 'Yan biyuna sun shiga aji uku, kuma har yau malaminsu bai san wanda yake yi wa faɗa ba. Maigidana yana gaishe ka da kyau.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na ɗaya, akwai abin da na saka a cikin ambulan wanda waya ba ta ɗauka. Na biyu kuma, kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, tun muna yara haka kake, to takarda dai ba ka isa ka katse ta ba. Ka ɗora mini aiki wata biyu da suka wuce: in duba halin da shagon Baba yake ciki tun da aka hana ajiye motoci a titinsu, in faɗa maka gaskiya, sannan in lallashe shi ya mayar wa mai gini makullinsa, shi da Inna su tattara su koma wurinka su huta. Ka ce har ka gyara musu ɗakin ƙasa don kada Inna ta sha hawan bene. A lokacin na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. Ga abin da ya faru, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga waya.

Ka san titin yadda yake a dā, motoci jere hagu da dama, wasu a kan wasu, mai tasi ya tsaya a tsakiyar hanya yana ciniki, na bayansa ya kwanta a kan oda. To wata safiya aka wayi gari hukumar gari ta ja layin fenti ruwan ɗorawa tun daga farkon titin har ƙarshensa, aka kakkafa alluna cewa ba tsayawa, ba ajiyewa, ko sauke mutum ba a yarda ba daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma. Duk mai mota sai ya kai ta sabon filin da aka keɓe a bayan tasha, ya yanki tikiti, ya tako da ƙafa. Mai lafiya da hannu wofi zai yi minti goma, kuma akwai ɗan hawa daga filin zuwa titin. Aka kawo wata ma'aikaciya mai kaki tana sintiri da littafin tara a hannu, masu shaguna suka raɗa mata suna Mai Biro. Ba ta faɗa, ba ta murmushi, rubutu kawai take yi.

Ba kowa ne ya yi kuka ba, in faɗa maka gaskiya. Mai littattafai da mai tabarau kasuwarsu ma ƙaruwa ta yi, don yanzu mutane suna tafiya a nitse suna leƙen shaguna, kuma kayansu aljihu ke ɗauka. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne masu kaya masu nauyi. Mai Fenti da ke hannun daman Baba ya koma yini yana kore ƙuda a kan gwangwanaye. Mai Katifa na hannun hagu kuwa nasa ya fi na kowa, domin babu mai sayen katifa ya ɗora a ka ya keta tsakiyar gari da ita. Baba yana tsakaninsu da kekunan ɗinkinsa. Kai da kake taya shi ɗauka a dā ka san nauyin kan keke, ƙarfe ne zalla. Masu kawo masa gyara kuma yawanci mata ne, da dama sun manyanta. Cikin sati biyu ƙafa ta ɗauke.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne dokar Baba da ka sani. Keke ba ya fita daga shagonsa sai mai shi ta zo da kanta, ya ɗora mata kan keken a teburin gwaji, ya miƙa mata ƙyalle, ta zauna ta yi layi ɗaya na ɗinki, shi kuma yana tsaye ido rufe yana saurare. Yakan ce kowace ƙafa da takunta, wata dukan feda take yi, wata lallaɓawa, kuma keken da aka daidaita wa ƙafarsa shi bai zama gyararre ga ƙafar mai shi ba. In ta gama ya ɗan murɗa nan, ya sassauta can, sannan ya soke ƙyallen a ƙusar bango. Wannan abu yana cin minti ashirin. A satin farko matar nan mai ɗinka kayan makaranta, wadda ta shekara goma sha biyar tana kawo masa aiki, ta sa ɗanta ya tsaya da mota a ƙofar shago, ta roƙi Baba ya miƙo mata keken ta taga su gudu kafin a gan su. Baba ya ce sai ta sauko ta taka. Ta sauko tana mita, ta taka, kafin ta fito Mai Biro ta liƙa musu takarda a gilashi. Matar ta tafi ko sallama babu, kuma kafin la'asar duk telolin unguwarsu sun ji labari.

Maƙwabta suka taru a kansa, suka ce zamani ya sauya, ya riƙa miƙa kaya ta taga kamar yadda kowa yake yi a sace. Ni ma na sa baki, har na ɗaga murya, abin da nake jin kunyarsa yanzu. Ya saurare mu tsaf, ya ce shi ba mai ajiyar kaya ba ne, mai gyara ne, kuma ranar da ya fara ba da keken da bai ji muryarsa a ƙarƙashin ƙafar mai shi ba, ranar ya daina sana'a ko da shagon yana buɗe. A ranar ce na karanta masa saƙonka. Ya daɗe yana juya sukudireba a hannunsa. Daga baya ya ce ka yi gaskiya, kuma ya ba mu alkawari: in watan ya ƙare babu keke ko ɗaya da ya fita daga shagon bisa ƙa'idarsa, zai mayar da makulli da hannunsa, ya bi ka. Yaya, na samu abin da ka aiko ni nema, amma da na fito ban ji daɗin nasarar ba.

Kwana goma bayan haka na biya in kai masa abincin rana. Na tarar da ƙofa a wangale, ga shi zaune a teburin gwaji, kuma keken da ke gabansa na Inna ne. I, shi dai, baƙin keken nan mai zanen fure da ya shekara shida a ƙarƙashin tebur, wanda Inna take yi masa gori da shi a gaban baƙi, tana cewa ta auri mai gyaran keke amma da allurar hannu take kafa maɓalli. Ya ɗaga mini hannu kada in yi magana. Yana takawa a hankali, kansa a karkace. Can ya tambaye ni ko na ji. Na ce ban ji komai ba sai ƙarar keke. Ya ce akwai wani ɗan ƙwas da ke zuwa duk bayan ɗinki huɗu, daga wurin da zaren ƙasa yake zama. Na kasa kunne har na gaji, ban ji ba. Shi kuwa murmushi yake yi, irin wanda rabon da in gan shi a fuskarsa har na manta.

Sai ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna. Ya ce shekara shida ke nan yana zaton kunnensa ya mutu. Ƙananan sautukan da yake gane ciwon keke da su sun ɓace masa ɗaya bayan ɗaya, ya koma gyara da ido da lalube, kuma keken Inna shi ne na farko da ya gagare shi, shi ya sa ya tura shi ƙarƙashin tebur ya riƙa cewa ba shi da lokaci. Har wurin likita ya je a ɓoye, aka ce kunnensa lafiya lau gwargwadon shekarunsa, ya ɗauka lallashi ne kawai. Ashe motoci ne suka yi ta ƙaruwa a ƙofarsa shekara bayan shekara, injina a kunne, oda ba ƙaƙƙautawa, bai lura ba saboda a hankali abin ya zo. Da aka kore su, sai ya ji komai ya dawo. Ya ce dokar da ta kore masa masu kawo aiki ita ce ta mayar masa da kunnensa, kuma bai san ko ya yi mata godiya ko ya yi mata Allah ya isa ba. Na juya baya na yi kamar ina gyara kwanon abinci, don kada ya ga idona.

A satin ne ƙungiyar masu shaguna ta rubuta koke ga hukuma cewa a soke dokar ɗungurungum, a mayar da titi yadda yake. Aka zagaya da takarda kowa ya sa hannu. Da ta iso kan Baba ya ce ba zai sa ba, domin shi ba ya son motocin su dawo, kuma ba zai sa hannu a kan abin da ba haka yake a zuciyarsa ba. Ya karɓi biro ya rubuta a ƙasan takardar cewa abin da yake roƙo shi ne a ware wuri ɗaya a bakin titi inda masu kaya masu nauyi za su tsaya su sauke, saboda maƙwabtansa. Ka yi tunani, Yaya, mutumin da shagonsa ke hanyar rufewa nan da sati biyu. Ran mutane ya ɓaci ƙwarai. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce don yana da ɗa a waje mai aiko masa da abin masarufi ne. Mai Katifa, abokinsa na shekara talatin, ya daina amsa masa gaisuwa. Wannan ya yi wa Baba ciwo fiye da rashin ciniki, na gani a tafiyarsa. Koken dai har yau yana ofis, babu amsa.

Saura kwana uku wata ya ƙare, keken Inna ya gyaru. Baba ya sanar da ita a gida yana wani shan ƙamshi. Inna ta ce madalla, shekara shida ai ba yawa, surukinta ya biya da yamma bayan an ɗage doka ya ɗauko mata abinta. Baba ya ce ba a haka, sai mai keke ta zo ta taka. Inna ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. Ta tuna masa cewa shekararsu arba'in da biyu tare, ya san takunta fiye da yadda ya san nasa, kuma gwiwarta ba za ta hau wannan hawan ba ko da zinariya aka ajiye a ƙarshensa. Na ce to a kai ta bayan ƙarfe shida mana. Ya ce bayan shida motoci sun dawo titin, kuma haske ya ragu, ba ya gwaji a lokacin. Inna ta ce wannan taurin kai da shi za a binne shi, ta kuma ce kai ma a wurinsa ka gado. Shi dai ya tafi yana tunani.

Washegari da safe Mai Katifa yana kwashe ragowar kayansa, don shi ya riga ya yanke shawarar barin titin. Baba ya je ya tsaya a ƙofarsa, ya yi sallama, ba a amsa ba, ya sake yi. Ya ce ya zo aron amalanken da yake kai katifu da shi. Mai Katifa bai dube shi ba, ya ci gaba da ɗaure kaya. Can ya tura amalanken da ƙafa har gaban Baba, ya ce ba aro ba ne, ya riƙe, tunda shi mahaukacin da zai zauna ne. Daga nan ya ƙara da cewa tayar hagu tana ja gefe, ya kula da ita a gangare. Baba ya yini yana ɗaure tsohon teburin gwaji a kan amalanken da noti, ya saka ɗan ƙaramin benci a gefe.

Ranar ƙarshe ta wata, ƙarfe goma na safe, maigidana ya kai ni da Inna filin ajiye motoci kamar yadda Baba ya umarta. Muna zaune sai ga shi ya gangaro, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, sanye da rigar aikinsa mai tabon mai, yana tura amalanke da keken Inna a kai an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Mai Fenti yana riƙe masa gefen da ke ja. Ya shiga gurbin mota guda da babu kowa, ya sa duwatsu a tayoyi, ya kwance noti ya sauke tebur, ya ajiye benci, ya yaye lulluɓin. Inna ta ce ita ba za ta zauna a tsakiyar jama'a ta zama abin kallo ba. Tana faɗin haka tana fitowa daga mota. Ta zauna, ta shafa kan keken da tafin hannu, ta lallaɓa zare a allura ba tare da tabarau ba, ta ɗora ƙafar da ba ta ciwo. Baba ya rufe ido, ya sunkuyo har kunnensa ya kusa taɓa ƙarfen. Yaya, da ka ji yadda keken nan ya tafi, sumul, ba gargada. Inna ta kai ƙarshen ƙyalle ba ta tsaya ba, ta juya ta sake wani layin. Karo na farko a rayuwata na ga ta rasa abin faɗa.

Kafin ta gama mata sun kewaye mu, masu saukowa daga mota da masu jiran tasi, kowa na tambaya ko nan ake gyara yanzu. Sai taron ya dare, ga Mai Biro da littafinta. Ta zagaya amalanken, ta buɗe littafi, ta rufe, ta ce a iya saninta babu dokar da ta hana keken ɗinki tsayawa a filin, amma duk abin da ya tare gurbin mota sai ya yanki tikiti kamar mota. Baba ya ce wannan magana ce ta gaskiya. Ya taka har wurin mai yanka, ya yanko tikitin awa ɗaya, ya dawo ya ɗaga ƙafar keken mai danne ƙyalle ya maƙale tikitin a ƙarƙashinta inda kowa zai gani. Mutane suka fashe da dariya, kuma na rantse na ga gefen bakin Mai Biro ya motsa. Inna ta samu bakinta a nan, ta ce wannan ai maguɗi ne, keken matarsa ba ya cikin alkawari. Baba ya ce alkawarinsa keke ya fita bisa ƙa'ida, kuma ga shi ya fita.

Ba zan yi maka ƙari ba. Aiki bai koma yadda yake a dā ba, wataƙila rabi ne ya dawo. Amma yanzu kullum ƙarfe goma Baba yana filin yana karɓar kekuna daga bayan motoci, ya tura su shago ya gyara a cikin shirun da yake so, ƙarfe huɗu ya dawo da waɗanda suka gyaru, masu su su zauna su taka. Mai kayan makaranta ta dawo a sati na biyu da kekuna uku, tana cewa wanda ta kai wa a wani wuri ya mayar mata da su suna tsallake ɗinki. Maigidana ya sauya wa amalanken tayoyi, Mai Fenti kuma yakan ɗora gwangwanayen masu sayayyarsa a kai, su tura tare, don haka hawan ba shi kaɗai yake yi ba. Bayansa yakan yi tsami, ina shafa masa magani ina yi masa faɗa, kuma na sa ido, in na ga abin ya fi ƙarfinsa kai ne na farko da zai ji. Shagon Mai Katifa har yanzu a rufe yake, Baba ba ya wucewa ta ƙofar bai rage tafiya ba.

To ga amsar aikenka. Ban karɓo makulli ba, kuma ba zan sake nema ba. Na san tausayi ne ya sa ka, na san nisa yana sa mutum ya riƙa hango mafi muni. Amma da ni da kai duk mun ɗauka hutu yake buƙata, alhali shekara shida ya yi yana ɗauke da tsoron cewa ya ƙare, shi kaɗai, yana yi mana dariya a kan tabarma. Yanzu da ya gane bai ƙare ba, ba ni da zuciyar da zan ce masa ya tashi. Ban taɓa alfahari da kasancewa 'yarsa kamar ranar da na gan shi yana gangarowa da amalanken nan ba. Ƙyallen da ke cikin ambulan shi ne wanda Inna ta ɗinka a filin. Bai soke shi a ƙusa ba, ya ce in aiko maka, wai kai ɗan mai gyara ne, in ka duba bayan ɗinkin za ka gane.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka auno mata tsawon yaran don yanzu ba ta da uzuri. Goggo tana gaisuwa, haka Kawu da iyalinsa, da maigidana, da 'yan biyu masu tambayar yaushe za ka zo. Ka shafa mini kan Sarkin Surutu da 'Yar Lele, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Ka gaishe mini da Antina, uwargidanka, da kyau, kuma ka isar mata da saƙon Baba. Ya ce kada ku taɓa ɗakin ƙasa, za su zo muku ziyarar sati biyu in an yi hutun makaranta, ba zama ba. Ya ce kuma ta daina matsa wa kekenta kafin ya iso, domin ranar da kuka yi waya tana ɗinki a bayanka, ya ji allurar tana gogar ƙarfe, zai taho da sukudirebansa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta